Jagaban Saƙo: Yadda Na'urori Ke Zaɓen Hanya a Intanet

Gabatarwa

Idan ɗan kasuwa a Zurmi ya ɗauki hoton buhunan wake ya aika wa dillalinsa da ke Dawanau, kafin ya mayar da waya aljihu saƙo ya isa Kano. Galibin jama'a sun ɗauka iska ce take ɗaukar saƙon tun daga hannun mai aikawa har ta dire shi a hannun mai karɓa. Ba haka abin yake ba. Iska takan fara kai saƙon ne daga wayar zuwa turken sadarwa mafi kusa. Daga nan sai saƙon ya shiga hannun waɗansu na'urori da ke jere a kan hanya, wannan ta miƙa wa waccan, har ya kai cibiyar kamfanin waya, ya fita zuwa manyan kwamfutocin WhatsApp, sa'an nan ya juyo ya nemi Kano. A wurare da yawa cikin wannan tafiya hanya takan rabu biyu ko uku, kuma dole a sami mai cewa ga wadda za a bi.

Maƙasudin wannan maƙala shi ne bayyana yadda waɗannan na'urori suke sanin hanya, da yadda suke gaya wa juna labarinta, da kuma abin da yakan faru idan labarin ya zo da kuskure. Masu sayar da kayan waya suna kiran irin wannan na'ura rauta, watau sunanta na Turanci da aka hausantar. A nan za a kira ta jagaba, domin aikin da take yi Bahaushe ya daɗe da ba shi suna. A ayarin fataken da ke zuwa Gwanja sayen goro, madugu shi ne shugaba, amma jagaba ne ke gaba, shi ya san inda hanya ta rabu, da inda ruwa ya ci ta, da inda za a yada zango.

Ƙunshi, adireshi da guzuri

Jirgin ƙasan da ya iso Kaura Namoda a 1929 yakan ɗebi gyaɗa tarago bayan tarago ya bi dogo guda, kayan su tashi tare su isa tare. Tsohuwar wayar tarho ma haka take: a haɗa wa masu magana layi guda, ba mai shiga sai sun gama. Intanet ba ta bin wannan tsari. Akan yayyanka saƙo gunduwa-gunduwa, kowace gunduwa ba ta cika wuce nauyin haruffa 1,500 ba, a naɗe ta kamar ƙunshin goro, a rubuta mata adireshin inda ta fito da na inda za ta. Kowane ƙunshi tafiyarsa yake yi shi kaɗai. Na farko yana iya bin wata hanya na biyu ya bi wata, sai can a masauki a jera su yadda suke tun asali. Wanda ya ɓace a hanya a nemi a sake aiko shi.

Adireshin kuwa lambobi ne. A tsarin da aka fi sani lambobi huɗu ne a jere, kowace daga 0 zuwa 255, abin da ya ba da adireshi kimanin biliyan 4.3. Da aka ga ba za su ishi duniya ba sai aka fito da wani tsari mai tsawon gaske, ana amfani da su biyun yanzu. Ba a raba adireshi ɗaya-ɗaya, sai dai unguwa-unguwa: a ba kamfani dubbai a jere waɗanda lambobinsu na farko iri ɗaya ne. Hukumar da ke raba wa Afirka ita ce AFRINIC, mai mazauni a tsibirin Morishiyos. Amfanin wannan rabo shi ne jagaba ba ya bukatar sanin kowace waya ta duniya, ya ishe shi ya san unguwanni, kamar yadda ma'aikacin gidan waya a Ikko ba ya bukatar sanin kowane gida a Dauran, muddin ya san buhun da ake jefa wasiƙun Gusau.

Kowane jagaba yana da littafin hanyoyi. Abin da ke ciki ɗan kaɗan ne: unguwa kaza, a miƙa wa maƙwabci wane. Bai rubuta tafiyar duka ba, zango na gaba kawai ya sani. Idan ƙunshi ya dace da layi biyu a littafin, ɗaya ya ce Zamfara ɗaya ya ce Zurmi, to wanda ya fi ƙayyade wuri shi ake bi. Ya kamata mai karatu ya riƙe wannan ƙa'ida, domin za ta dawo a gaba da ɓarna mai yawa. Ƙaramin jagaban da ke shagon mai buga takardu ko ofishin ƙaramar hukuma shi littafinsa kusan layi ɗaya ne: duk abin da ba na cikin gida ba ne, a miƙa wa kamfani.

Akwai kuma guzuri. Duk ƙunshin da zai tashi akan rubuta masa wata lamba, sau da yawa 64 ko 128, kowane jagaban da ya ratsa ya rage ɗaya. Ran da lambar ta ƙare sai a yar da ƙunshin, a aika wa mai shi labari. An yi haka ne don kada ƙunshin da ya ɓata ya yi ta gewaya tsakanin na'urori har abada yana tare wa waɗansu hanya.

Tambayar ita ce, wa ke rubuta littafin? A ƙaramin wuri ma'aikaci yana iya rubutawa da hannu. Amma inda jagabai suka kai ɗaruruwa, kuma kullum waya tana tsinkewa, wuta tana ɗaukewa, ba mahalukin da zai iya. Saboda haka aka shirya wa na'urorin ƙa'idojin zance, su riƙa gaya wa juna labarin hanya suna gyara littattafansu da kansu. Waɗannan ƙa'idoji iri uku ne manya.

Ƙa'idar ji-ta-ji-ta

Mafi tsufa kuma mafi sauƙi ita ce wadda kowane jagaba yake gaya wa maƙwabtansa wuraren da ya san hanyarsu da yawan zangon da ke tsakani. Da irinta aka fara a ARPANET, kakar intanet, wadda aka kafa a Amurka a 1969. Wadda ta fi shahara a wannan gida ita ce RIP, da aka rubuta ƙa'idarta a 1988, inda kowane jagaba yake karanta wa maƙwabta littafinsa duk bayan sakan 30.

A ɗauka, don misali kawai, akwai jagaba a Gusau, da Kaura Namoda, da Zurmi, da Jibiya, an haɗa su da waya kamar yadda titi ya haɗa garuruwan. Na Zurmi zai ce wa na Kaura, Jibiya zango ɗaya ce daga wurina. Na Kaura ya ƙara ɗaya ya rubuta: Jibiya, zango biyu, ta Zurmi. Shi kuma ya gaya wa na Gusau, na Gusau ya rubuta uku, ta Kaura. Na Shinkafi, wanda shi ma maƙwabcin Kaura ne ta hanyar Moriki, ya rubuta uku. Ba wanda ya ga Jibiya da idonsa in ban da na Zurmi, amma cikin ɗan lokaci kowa ya san inda zai miƙa kayanta. In labari biyu suka zo wa jagaba a kan wuri ɗaya, sai ya ɗauki mai ƙarancin zango.

Aibin wannan tsari yana fitowa ne ran da hanya ta yanke. A ce wayar da ke tsakanin Zurmi da Jibiya ta tsinke. Na Zurmi ya share Jibiya daga littafinsa. Kafin ya sanar da kowa sai ga na Kaura da karatunsa na kullum: Jibiya zango biyu ce daga wurina. Na Zurmi bai san cewa wannan hanya ta kansa ta bi ba, sai ya yi murna ya rubuta: Jibiya, zango uku, ta Kaura. Da na Kaura ya ji Zurmi ta koma uku sai ya mai da nasa huɗu, na Zurmi ya mai da nasa biyar. Haka za su yi ta ƙara wa juna, kayan Jibiya kuwa suna kai da komowa tsakanin garuruwan biyu har guzurinsu ya ƙare. Maganin da masu RIP suka yi shi ne su yanka iyaka: zango 15 ne ƙarshe, duk abin da ya kai 16 a ɗauka babu hanya. Suka kuma hana jagaba mayar wa maƙwabci labarin da daga bakin maƙwabcin ya ji shi. Wannan ya rage cutar, bai kashe ta ba, domin inda na'urori uku ko huɗu suka yi da'ira labarin yana iya zagayowa ta bayan gida. Ga shi kuma ƙidayar zango ba ta bambanta babbar waya da ƙarama, kamar a ce kwalta da burtali duk ɗaya ne. Shi ya sa manyan kamfanoni suka daɗe da barin ta.

Kowa da taswirarsa

Tsari na biyu ya sauya abin da ake faɗa. Maimakon jagaba ya ba da labarin wurare masu nisa da ya ji a bakin wani, sai ya faɗi abin da ya gani da idonsa kawai: ni ne wane, maƙwabtana su ne wane da wane, nauyin hanyar da ke tsakanina da kowannensu kaza ne. Wannan shela ba a taɓa ta, ba a ƙara mata, haka za a yi ta miƙa ta har ta kai ga kowane jagaba na kamfanin. Idan shelar kowa ta isa ga kowa, to kowanne yana iya zana taswirar ƙasar gaba ɗaya a ƙwaƙwalwarsa, ya yi lissafin hanya da kansa. ARPANET ta koma wannan tsari wajen 1980. Ƙa'idojin da suka fi yaɗuwa a wannan gida su ne OSPF, wadda ta fara fitowa a 1989, da 'yar'uwarta IS-IS.

Lissafin da ake yi a kan taswirar na wani masani ne ɗan ƙasar Holan, Edsger Dijkstra. Ya tsara shi a 1956, ya buga a 1959, kuma da taswirar garuruwan ƙasarsu ya fara gwada shi, tun ba a san za a yi wani abu wai shi intanet ba. Dabarar ita ce a fara daga gida, kullum a tabbatar da wurin da ya fi kusa cikin waɗanda suka rage, sa'an nan a duba ko ta kansa an sami sauƙin zuwa wani wuri. A koma ga misalin ɗazu, a ƙara Katsina da Funtuwa, a kuma ba hanyoyin nauyi na misali: Gusau zuwa Kaura 2, Kaura zuwa Zurmi 2, Zurmi zuwa Jibiya 3, Jibiya zuwa Katsina 2, ta ɗaya ɓangaren kuma Gusau zuwa Funtuwa 5, Funtuwa zuwa Katsina 7. Jagaban Gusau zai fara tabbatar da Kaura a kan 2, sai Zurmi a kan 4, sai Funtuwa a kan 5. Daga Funtuwa ya hango Katsina a kan 12, ya rubuta da fensir. Sai ya tabbatar da Jibiya a kan 7, daga nan ya ga Katsina a kan 9, ya goge 12. Abin da zai shiga littafinsa a ƙarshe layi ɗaya ne: kayan Katsina, a miƙa wa Kaura.

Nauyin nan ba tsawon hanya ba ne tilas. Yawanci faɗin waya ake dubawa, watau yawan kayan da take iya ɗauka a sakan guda, kuma injiniya yana da ikon ƙara wa wata hanya nauyi da gangan don a guje ta. Direbobin wannan yanki ba su bukatar a yi musu dogon bayani a nan. Sun san hanyar da ta fi gajarta ba kullum ita ce ta fi sauƙi ba, tun da masu iya magana suka ce hanyar lafiya a bi ta da shekara. A ƙarshen watan Agusta na 2021, saboda hare-haren 'yan bindiga, gwamnatin Jihar Katsina ta rufe hanyar Jibiya zuwa Gurbin Ɓaure, ta shawarci matafiya su zagaya ta Funtuwa. Abin da na'urori ke yi ke nan ran da waya ta tsinke, sai dai su ba su jiran sanarwar gwamna. A OSPF maƙwabta sukan gaisa duk bayan sakan 10 bisa al'ada, wanda aka yi sakan 40 ba a ji muryarsa ba a ɗauka ya faɗi, kuma akwai dabarun da ke gano haka cikin abin da bai kai sakan ɗaya ba. Na Zurmi da na Jibiya su yi sabuwar shela cewa ba sa ganin juna, kowa ya goge wannan layi a taswirarsa ya sake lissafi. Na Gusau ya ga 9 ta tafi, saura 12, ya juya kayan Katsina zuwa Funtuwa. Har na Zurmi ma, da ke maƙwabtaka da Jibiya, sai ya mayar da kayanta baya ta Kaura su yi doguwar zagaya.

Wannan tsari ya fi na farko nesa ba kusa ba, amma yana da sharaɗi: sai kowa ya yarda ya buɗe cikinsa ga kowa. Hakan yana yiwuwa a cikin kamfani ɗaya. Ba ya yiwuwa tsakanin MTN da Airtel da Glo, waɗanda kishiyoyin juna ne a kasuwa.

Tsakanin masarautu

Intanet ba gida ɗaya ba ce. Tarin gidaje ne masu cin gashin kansu, kamfanonin waya, da bankuna, da jami'o'i, da irin su Google, kowanne da lambarsa da dokarsa. Waɗanda ake gani a fili sun haura 70,000. Ba laifi a kira su masarautu, domin matsalar da ke tsakaninsu ita ce wadda madugu yake fuskanta in ya fita ƙasarsu. Ayarin da ya nufi Gwanja ta Yawuri da Borgu ba tsawon hanya kaɗai yake dubawa ba. Yana duba ƙasar wane sarki za a ratsa, nawa ne kuɗin fito a bakin Kwara, wa ke amana da wa, ina ake yaƙi. Sau da yawa kuɗi da siyasa ke zaɓen hanya, ba ƙafa ba.

Ƙa'idar da masarautun intanet ke zance da ita sunanta BGP. Injiniyoyi biyu, Kirk Lougheed na kamfanin Cisco da Yakov Rekhter na IBM, su suka zana ta a 1989 a kan takardun goge hannu wurin cin abinci, da nufin ta yi maganin wucin gadi. Ga shi har yau gyararren samfurinta na huɗu ne ke riƙe da duniya. A BGP masarauta takan ce wa maƙwabciyarta, unguwar adireshi kaza tana wurina. Maƙwabciyar in za ta ba da labarin gaba sai ta ɗora lambarta a kai, ta gaba ma ta ɗora tata, har labarin ya zama kamar salsalar malamai: na ji daga wane, shi kuma daga wane, har zuwa mai unguwar. Da wannan aka kashe cutar da ta damu RIP, domin duk masarautar da ta ga lambarta a cikin salsala ta san labarin ta kanta ya bi, sai ta yar da shi. Manyan jagabai da ke bakin iyaka suna riƙe da irin waɗannan layuka wajen miliyan guda.

Wurin zaɓe kuwa, gajartar salsala ita ce ta biyu. Abin da ake fara dubawa shi ne son ran mai gida. Kamfani yakan fi son miƙa kaya ta hannun wanda ke biyansa, in babu sai ta hannun tsaransa da suka yi yarjejeniyar musaya kyauta, in babu sa'an nan ta hannun babban da shi yake biya. Akwai kuma ladabin da kowa ya kamata ya kiyaye: hanyar da aka ji daga tsara, ba a kai labarinta ga babban da ake biya, domin yin haka tamkar mutum ya yi shelar cewa shi ne zai yi wa manya biyu dako kyauta.

Saboda wannan lissafin kuɗi ne aka kafa mahaɗar musaya ta Nijeriya, IXPN, a Ikko a 2006, daga baya ta yi rassa a wurare kamar Abuja da Fatakwal da Kano. Kafin haka, saƙon da ya tashi daga wani kamfani na ƙasar nan zuwa wani yakan je Turai ya dawo, a biya kuɗin teku sau biyu a kan abin da bai wuce tsallaka titi ba.

Babban raunin BGP shi ne an gina ta a kan yarda. Tun asali ba a tanadi hanyar tantance mai gaskiya ba, domin masu intanet na lokacin 'yan kaɗan ne kuma sun san juna. A watan Fabrairu 2008 hukumomin Pakistan suka sa a toshe YouTube a cikin ƙasarsu. Ran 24 ga watan, kamfanin wayar ƙasar ya yi haka ta hanyar shelar cewa wani yanki na adireshin YouTube yana wurinsa. Shelar ta tsallake iyaka ta hannun wani kamfani na Hon Kon, kuma da yake ta fi ta YouTube ƙayyade wuri, sai ƙa'idar nan da aka ambata a baya ta yi aikinta: duniya ta juya kayan YouTube zuwa Pakistan, shafin ya ɓace kamar sa'a biyu.

Nijeriya ma ta taɓa zama sanadi. Kamfanin MainOne na Ikko, wanda ya shimfiɗa wayar ƙarƙashin teku daga Fotugal a 2010, yana musaya da Google a mahaɗar Ikko a matsayin tsara. Ran 12 ga Nuwamba 2018, ana cikin gyaran na'urori, sai aka yi kuskuren saiti, labarin hanyoyin Google fiye da 200 ya fita zuwa China Telecom. Shi kuma ya karɓa bai tace ba, ya miƙa gaba, har ya kai ga TransTelecom na Rasha da waɗansu. Nan take kayan mutane masu neman Google, har daga Amurka, suka kama hanyar Rasha da Sin da nufin zuwa Ikko, galibinsu suka maƙale a hanya. An yi minti 74 kafin a gyara. Da farko waɗansu sun zaci aikin leƙen asiri ne, ganin ƙasashen da abin ya ratsa, amma MainOne ya fito ya ce kuskurensa ne. Abin lura a nan shi ne laifin ba na mai ɓarin baki kaɗai ba ne. Babban da ya ji ƙaramin kamfani ya ce shi ne hanyar Google, ya kuwa gaskata, shi ma da nasa.

An fito da wani tsari mai suna RPKI, inda mai unguwa yake buga hatimi cewa masarauta kaza ce kaɗai ke da izinin shelar adireshinsa. Wannan yana maganin irin abin da ya faru a Pakistan. Bai isa ya hana irin na Ikko ba, domin a can salsalar ta ƙare ne a kan Google, mai unguwar na gaskiya. Tsakiyarta ce ta bi inda bai kamata ba.

Inda jagaba ba shi da ta cewa

Amfanin duk wannan tsari ya fito fili ran 14 ga Maris 2024, lokacin da wayoyin ƙarƙashin teku huɗu, WACS da ACE da SAT-3 da MainOne, suka lalace a gaɓar Kodebuwa. Intanet ta yi rauni ƙwarai a Afirka ta Yamma, harkar bankuna ta tsaya wa mutane da yawa a Nijeriya. Amma ƙasar ba ta yanke ɗungurungum ba, domin akwai wayoyin da abin bai shafa ba, irin su Glo-1 da Equiano ta Google wadda ta iso Ikko a 2022. Kamfanonin da ke da ƙofa a kan waɗannan, jagabansu suka juya kaya can. Waɗanda ba su da ita suka shiga neman haya. Gyaran wayoyin kuwa sai da ya ɗauki makonni.

Ashe ke nan jagaba ba ya ƙirƙirar hanya, cikin waɗanda aka shimfiɗa yake zaɓe. A Ikko hanyoyi sun yi yawa har ana zaɓen mai araha. Yayin da aka nufo arewa suna raguwa, har a iso garin da duk abin da ya haɗa shi da duniya bai wuce 'yan turaku ba, waɗanda sau da yawa kamfanoni daban-daban suke haya a kan guda, kuma sai an kawo musu man dizal ta kan titin da direbobi ke tsoro. Mai waya a irin wannan wuri yana iya sa layi biyu a wayarsa ya ɗauka hanya biyu gare shi, alhali duka biyun a kan ƙarfe ɗaya suke rataye.

Mutanen Zurmi da Shinkafi da Kaura Namoda sun ga ƙarshen wannan a 2021. Ran 3 ga Satumba na shekarar, bisa roƙon gwamnatin Bello Matawalle, Hukumar Sadarwa ta Ƙasa, NCC, ta umarci kamfanonin waya su kashe turakunsu a duk faɗin Jihar Zamfara, don a hana 'yan bindiga da masu kai musu rahoto yin magana yayin da soja ke aiki. Mako biyu aka ce da farko. Daga baya matakin ya shafi ƙananan hukumomi 13 a Katsina da 14 a Sakkwato. An mayar wa Gusau layi a farkon Oktoba, sauran jihar kuwa sai a ƙarshen Nuwamba. A tsawon wannan lokaci babu abin da ya sami OSPF ko BGP: adireshin kamfanonin suna nan a littattafan duniya, jagabansu suna gaisawa da maƙwabta kamar kullum. Zangon farko ne aka cire, wanda ke tsakanin waya da turke, shi kuwa ba shi da na biyu. Mai son sanar da ɗansa da ke Kano rasuwa, da mai jiran kuɗin da za a turo masa ta banki, da ɗalibin da ke jiran sunansa ya fito a jami'a, duk suka koma ba direba wasiƙa ko su hau mota da kansu zuwa inda layi yake.

Ana cikin haka ne, ran 4 ga Oktoba 2021, wani kuskure a cikin gidan Facebook ya sa jagabansa suka janye shelar waɗansu muhimman adireshinsu daga BGP. Facebook da WhatsApp da Instagram suka ɓace wa duniya kamar sa'a shida, jaridun ko'ina suka cika da labarin. A Zurmi ba wanda ya lura, domin ran nan wata guda ke nan cur ba su da layi, kuma da sauran kusan wata biyu a gabansu.